A daina ɓoye bakin zaren labari a bayan dayis

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan wasannin ban tsoro da ake yi a kan tebur, inda jagora ke ba da labari, kowane ɗan wasa kuma ya ɗauki matsayin mutum ɗaya a ciki. Masu farawa kan ɗauka dokokinsu duk ɗaya ne, alhali kowanne da hanyar da yake bi ya tsorata mutum.

Call of Cthulhu, wanda kamfanin Chaosium ya fitar a 1981, dayis (irin abin da ake jefawa a wasan lido) biyu masu fuska goma ake jefawa su ba da lamba daga 1 zuwa 100. Mai maki 60 a gwanintar bincike ya ci idan ya samu 60 ko ƙasa da haka. Akwai kuma makin hankali da ke raguwa duk sanda mutum ya ga abin firgici, kuma asarar maki 5 a lokaci guda na iya jawo taɓin hankali na ɗan lokaci. Don dogon labari na watanni ban ga kamarsa ba, domin ɗan wasa na kallon mutuminsa yana zaizayewa a hankali. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: idan jagora ya rataya muhimmiyar alamar gano bakin zaren labari a kan jifa ɗaya, aka faɗi, labari ya tsaya cak, tsoro ya koma gundura.

Wannan ne Trail of Cthulhu na 2008 ya gyara. Matuƙar kana da gwanintar da ta dace kuma ka je wurin, alamar taka ce ba tare da jifa ba. Wahalar sai ta koma kan fahimtar abin da aka gano, kuma nan ya kamata ta kasance. Ko mai jagorantar Call of Cthulhu ina ba shi shawara ya ari wannan doka.

Wasan Dread ba ya amfani da dayis. Hasumiyar Jenga ce mai katakai 54. Duk abu mai haɗari sai ka zare ɗaya ka ɗora a sama, in ta rushe mutuminka ya fita daga labari. Zuciya kan buga da gaske. Sai dai wanda ta rushe masa da wuri zai zauna yana kallo har a tashi, tebur mai girgiɗi kuma na iya kashe mutum ba laifinsa.

A Ten Candles kuwa kyandir goma ake kunnawa, a fara da dayis goma masu fuska shida. Ko dayis ɗaya ne ya nuna shida, an yi nasara. In babu, a kashe kyandir ɗaya, dayis ma su ragu, kuma tun farko kowa ya san ba mai tsira. Shi da Dread na dare ɗaya ne. A kashe fanka kafin a fara, domin kyandir ɗin da iska ta hure ba a sake kunna shi.

Naku,
Wani mai karatu