Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ba zan tsawaita gaisuwa ba, na san aiki ya yi maka yawa, mu ma haka.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mun ji an ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun jinya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, daga baya aka ce sun kai 115,000. Madalla. To idan yaran nan suka kammala, wa zai ɗauke su aiki? A unguwarmu akwai 'yan mata da suka ci jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma, ga lasisi a hannu, suna zaune a gida. Masu sa'ar cikinsu na wani asibitin kuɗi, ana ba su abin da bai kai kuɗin mota ba, ko suna aikin sa-kai a asibitin gwamnati da fatan wata rana a tuna da su.

Su suna gida, mu kuma muna nan muna faɗuwa. A aikin dare nas ɗaya ake bar wa ɗakin majinyata cike. Tana ɗaura wa wannan ƙarin ruwa, wancan numfashinsa na sarƙewa, ga wata naƙuda ta kama ta a baranda. Idan aka ɗauke wuta, waya za ta maƙale a baki ta haska jijiya, ɗan'uwan marar lafiya ya riƙe mata ledar ruwa. Gari na wayewa a ce nas-nas ba su da tausayi.

A farkon 2024 magatakardan hukumarmu da bakinsa ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekaru uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Maganin da aka kawo shi ne takardar watan Fabrairun 2024, wai sai mutum ya yi aikin shekaru biyu kafin a tantance masa takardu ya fita. Shekaru biyun a wane asibiti, tun da ba a ɗauka? Ba a ba nas aiki a gida ba, an kuma tare mata hanyar Ingila da Saudiyya. A Agustan shekarar Shugaba Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Takarda ce mai daɗin ji, amma har yau ni kaɗai nake kwana a ɗakin nan.

Abin da ya fi ci mini rai, kai ba baƙo ba ne a wannan harka. Kana shugabancin Hukumar Lafiya Matakin Farko aka ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara a 2009. An kwaso sabbin kammalawa, da marasa aiki, har da waɗanda suka yi ritaya, aka kai su ƙauyuka. Ka san abin da ya raunana shi: jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su riƙa biyan nasu kason alawus ba, mata suka gaji suka tattara kayansu. Wanda ya ga wannan da idonsa bai kamata ya sake ɗibar ruwa da kwando ba. Za ka ce ɗaukar ma'aikata a asibitocin jiha aikin gwamnoni ne. Gaskiya ne. Amma ka sa su sun rattaba hannu a yarjejeniyar gyaran harkar lafiya a Disamban 2023, ka ga ke nan kana da bakin yi musu magana. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya kuwa a hannunka suke.

Sauran kokenmu ka san su. Tsarin aikinmu da aka amince da shi a Minna tun 2016 sai da muka tafi yajin aikin gargaɗi ranar 30 ga Yulin 2025 kafin aka sake waiwayarsa. Muka janye cikin 'yan kwanaki saboda an yi mana alkawari. Akwai maganar alawus ɗin aikin dare da na yunifom, da sashen jinya mai zaman kansa a ma'aikatarka, don a daina yanke hukunci a kanmu ba mu a wurin.

Don Allah, ranka ya daɗe, ranar da za ka sake faɗin yawan ɗaliban da aka ɗauka, ka haɗa da yawan waɗanda aka ba takardar kama aiki, jiha-jiha, asibiti-asibiti, a wallafa kowa ya gani.

Wassalam.

Daga wata ma'aikaciyar jinya da ba ta tafi ba tukuna.