Ɗiyata, kan ƙwallon naman nan da ya ƙi miki

Assalamu alaikum ɗiyata, ya gida, ya yaran da babansu. Tun jiya da muka yi waya maganar ƙwallon naman nan take min yawo a kai, kin ce na farko ya watse miki a cikin mai, na biyu kuma da kika zuba masa fulawa ya fito kamar dutse har autanki ya ture farantin. Dariyar da kika ji na yi ba ta mugunta ba ce, ni ma haka na yi farkon aurena, babanku ya ci guda biyu ya kora da ruwa ya ce ya ƙoshi, ni kuwa na san ba ƙoshi ba ne. To waya ba ta ɗaukar dogon bayani shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Ki fara daga naman. Na san ki da gudun kitse, amma tsoka zalla bushewa take yi a wuta, ki nemi wanda kitsensa ya kai kamar kashi 20 cikin 100, wanda in kin duba niƙaƙƙen za ki ga ɗigo-ɗigon fari a jikinsa. In ke za ki niƙa a gida to naman ya yi sanyi sosai tukuna, kuma ki riƙa kunna injin kina kashewa, kar ya koma ƙullu.

Fulawar nan kuma ki bar ta don Allah, ita ta mayar miki da shi dutse. Abin da ake sawa burodi ne da madara. Ga rabin kilo na nama, yanka biyu na burodi ki cire ɓawon, ki zuba masa madara daidai yadda zai jiƙe jagab, ki bar shi minti 10 sai ki murje shi da cokali mai yatsu. Kin ga nama in ya ji zafi tsukewa yake yi ya matse ruwan jikinsa ya fitar, to burodin nan shi ke shiga tsakani ya riƙe ruwan, shi ya sa za ki gutsira ki ji laushi har ciki. Wasu gani suke ƙwauro ne ake yi don nama ya yi auki, wallahi ko nama ya yi min yawa sai na sa. Ƙwai ɗaya ya isa rabin kilo, aikinsa ɗaurewa ne kawai, in kika sa uku don tsoron watsewa sai ki ji shi kamar roba. Albasa ƙarama ki gurza ta, ki ɗan matse ruwan, manyan yankan albasa na cikin abin da ke tsaga ƙwallon a kasko. Sai tafarnuwa, masoro, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya.

Yanzu wajen haɗawa, nan ne nake zargin hannunki don na san ki da ƙarfin murza. Ki fara gauraya burodin da ƙwan da kayan ƙamshin su kaɗai, sannan ki zuba naman ki juya da yatsu a buɗe, da kin ga komai ya shiga cikin juna ki tsaya. Ba kwaɓin burodi ba ne. Gishiri da yawan murza suna sa nama ya yi danƙo ya ɗaure tamau, abin da masu yin sosej ke nema kenan, ke ba shi kike nema ba. Ki ciri ɗan kaɗan ki soya ki ɗanɗana kafin ki mulmula sauran, gishiri in ya gaza yanzu ne ake gyarawa. Ki jiƙa tafin hannu da ruwa, ki mulmula su girma ɗaya, kamar ƙaramin ƙwai, ki jera a tire ki sa a firij minti 30 su kama jikinsu.

Mai ya yi zafi kafin ki sa, wuta tsaka-tsaki, kar ki cika kaskon don in sun matsu ruwa za su fitar su dahu maimakon su soyu. Kuma ki cire hannunki a kansu, haba! Ƙasan ya yi ja tukuna, da kansa zai saki kaskon, kina juyawa tun yana ɗanye dole ya watse. Ran da kika gaji ki jera su a obin mai zafin digiri 200 kamar minti 20, ko ki soya su sama-sama ki ƙarasa su cikin miyar tumatir a ƙaramar wuta, ni wannan na fi so.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, dahuwa har tsakiya, tunda yara za su ci. Yankan nama ƙwayoyin cuta a bayansa suke zama, amma niƙa ta riga ta kai su ko'ina. In kina da ma'aunin zafi cikin ya kai digiri 71, na kaza 74, in babu ki fasa mafi girman ki tabbatar babu ja a ciki kuma tururi na fita. Ɗanyen niƙaƙƙen nama kar ya wuce kwana 2 a firij, dafaffe kwana 3 zuwa 4, kuma kar ya wuce awa 2 a ajiye a waje.

Tunda kin ɓata hannu ki yi na kilo guda gaba ɗaya, rabi ki jera a tire a firiza su daskare ɗai-ɗai sannan ki juye a leda, suna kai wata 3 lafiya lau, ran da kika dawo aiki a gajiye sai dai ki jefa a miya.

Ki gwada ranar Asabar ki turo min hoton guda ɗaya da kika raba biyu, cikin nake son gani. Ki shafa min kan yaran, ki gaida mai gidan.

Mamanki