Kafin a yanka ganga a yi murhun ɗumama shago, a fara da hanyar hayaƙi

Assalamu alaikum Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu sana'ar hannu: kafintoci, makanikai, maƙera da masu walda irina. Da zarar sanyi ya kama, sai mutum ya zo mini da tsohuwar ganga ko tukunyar gas, ya ce a yanka masa ƙofa a sa ƙafafu, yana son abin jin ɗumi a shago. In na tambaye shi ta ina hayaƙi zai fita, sai ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a bari sai an gama. Ni kuwa ba na taɓa aikin sai mun gama maganar bututu, domin shi ke tafiyar da murhun gaba ɗaya.

Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi. Idan ta hau cikin bututu, sai ta jawo sabuwar iska ta bakin murhu, wutar ta samu abin ci. Gwargwadon tsawon bututun da zafinsa, gwargwadon ƙarfin jan. In ya yi gajarta, ko ya huce, ko an cika masa lanƙwasa, hayaƙin zai nemi wata hanya, kuma hanyar ita ce cikin shagonka. Ko Benjamin Franklin na Amurka, wanda ya ƙera shahararren murhunsa a farkon shekarun 1740, a nan ya samu cikas. Ya tsara hayaƙi ya fara gangarowa ƙasa kafin ya hau, don a tatsi zafinsa, amma muddin hanyar ba ta ɗauki zafi ba, murhun ba ya ja yadda ya kamata. Sai waɗanda suka zo bayansa suka gyara.

Ga murhun shago madaidaici, bututu mai faɗin inci 6, wato santimita 15, ya isa, kuma kada a tsuke shi a hanya. A miƙe shi sama sak in da hali. In dole sai ya bi ta bango, ɓangaren da ke kwance ya zama gajere, yana ɗan hawa, lanƙwasa kuma kada ta wuce biyu. Ƙa'idar da masu kashe gobara a Amurka ke bi ita ce bakin bututu ya ɗara wurin da ya huda rufi da santimita 90, ya kuma ɗara duk wani abu da ke tsakanin mita 3 da shi da santimita 60. Ba don ado aka ce haka ba. Iskar da ta bugi tsororuwar rufi tana juyowa ƙasa, ta danna hayaƙi ya koma inda ya fito. A sa masa hula saboda ruwan sama. Wajen haɗa gaɓoɓi, na sama ya shiga cikin na ƙasa, don baƙar kwaltar da ke tsatsafowa ta gangara cikin murhu ta ƙone, maimakon ta biyo bayan bututu tana ɗiga.

Inda na fi jin tsoro shi ne wurin da bututu ke ratsa rufi. Bututu mai fallen ƙarfe ɗaya yana son tazarar santimita 45 daga duk wani katako, shi kuma jikin murhun santimita 90. Katakon da ya daɗe yana shan zafi yakan bushe ya gasu a hankali, har ya kai ɗan zafi kaɗan ya ishe shi kamawa. Shi ya sa za ka ji an ce murhun ya shekara yana aiki lafiya sannan rana ɗaya gobara ta tashi. Mai ƙaramin shago zai iya rage tazarar da fallen ƙarfe a jikin bango, amma a bar santimita 2.5 tsakaninsa da bangon, sama da ƙasa a buɗe, iska tana wucewa ta baya. In aka manna shi da katako, zafin zai ratsa kamar babu shi.

Sai jikin murhun. Ganga mai lita 200 kaurinta bai wuce milimita 1 da 'yan kai ba, tana yin ja da wuri, tana kuma cinyewa da wuri. Tukunyar gas ta fi ta kauri. Wanda ya samu faifan ƙarfe na milimita 5 ko 6 ya yi akwati da shi, ya huta. Amma don Allah a ji wannan: tukunyar gas ko gangar da ta taɓa ɗaukar fetur ba a kusantar ta da injin yanka don kawai an girgiza an ji babu komai. Tururin da ya saura a ciki ya isa ya tarwatsa ta. A tabbatar gas ya ƙare a fili, nesa da wuta, a cire kan tukunyar, a cika ta da ruwa har ya tumbatsa, sannan a yi maganar yanka. Ƙarfe mai rufin tutiya kuma a bar shi. Tutiya tana narkewa a digiri 420 na ma'aunin Celsius, kuma farin hayaƙin da take yi a ƙarƙashin wutar walda yana sa zazzaɓi da ciwon jiki. Duk tsohon mai walda ya san shi.

Mutanenmu suna son babban abu, to a nan babba cuta ne. Ƙaton murhu a ƙaramin shago zai sa ka riƙa toshe masa iska don zafi ya yi yawa, wutar ta koma cin ciki tana tuƙa hayaƙi. Ƙarami mai ci bal-bal ya fi. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da zafin da hita mai wat 1000 za ta bayar cikin awa 4. Abin tambaya shi ne nawa ne zai tsaya a shago, nawa zai bi bututu ya tafi.

A nan ne aikin ke yi mini daɗi. Idan itace ya ɗauki zafi, yana fitar da wani gas, kuma kusan rabin ƙarfin itacen ko fiye a cikin gas ɗin yake. Hayaƙin da kake gani makamashi ne da bai ƙone ba. Kafin ya kama, yana bukatar zafin da ya kai wajen digiri 600 da kuma sabuwar iska. Don haka nakan sa faifan ƙarfe a ciki, ƙasa da rufin murhun kaɗan, ya taso daga baya ya tsaya kafin ya kai ƙofa. Harshen wuta ba zai zarce bututu kai tsaye ba, sai ya zo gaba ya zagayo ta saman faifan. Giɓin da aka bari kada ya gaza faɗin bakin bututu, in ba haka ba ka shaƙe murhun da hannunka. A ƙarƙashin faifan nakan ratsa siririn fayif mai jerin ƙananan huji, bakinsa a waje, yana shigo da iskar da ta ɗumama a hanya. In komai ya daidaita, za ka ga 'yan harsunan wuta suna fitowa daga hujin kamar na kukar gas, in ka fita waje ka ɗaga kai kuma da ƙyar za ka ga hayaƙi. A jera jan bulo a ƙasa da gefuna, ya tsare zafi a inda wutar take, ya kuma kare ƙarfen. Wannan tunani na killace wuta ta yi zafi sosai tukuna, sannan a ɗebi zafin daga baya, shi ne Larry Winiarski ya gina wani nau'in murhu da ake kira murhun roket a kansa a cibiyar Aprovecho da ke jihar Oregon ta Amurka a farkon shekarun 1980. Bulon siminti da jiƙaƙƙen dutse kuwa kada su shiga ciki, suna fashewa.

Itace ya zama busasshe, danshinsa ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ɗanye yakan kai rabinsa ruwa, zafin ya ƙare wajen dafa ruwan, hayaƙi mai sanyi ya daskare a jikin bututu ya zama kwalta da kunkunniya. Ranar da wannan ta kama, bututun kansa ke ci da wuta. A riƙa kwance shi ana kankarewa. Kafintoci, guntayen filawud da katako mai fenti ko wanda aka jiƙa da maganin gara guba suke fitarwa. Dusar katako in aka watsa ta kan garwashi takan tashi fuu ta lashi fuska. Makanikai, baƙin mai ba na wannan murhun ba ne, fetur kuma ba abin hura wuta ba ne. Tururin fetur da na tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, ya fi iska nauyi, a ƙasa yake rarrafe har ya iske wuta, saboda haka ranar fesa fenti murhu a kashe yake.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ga kaskon gawayi ba ya hayaƙi. Shi ne ma ya fi kisa. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta sau 200 da ɗoriya a kan iskar oksijin. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala su ne alamunta, mutum ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Murhu mai bututu ma yana iya yin ta in ya toshe ko an rufe shagon ruf. A bar wata kafa a buɗe da iska za ta shigo, a kuma rataya na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska. Toka a zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi a fitar waje, don garwashi yakan kwana biyu ko fiye a cikinta da rai.

Wutar farko a waje ake hura ta, da guntun bututu a kai, tsohon fenti da maiƙo su ƙone su gama wari. A lokacin ne za ka zagaya ka duba layin walda da gefen ƙofa. Duk inda hayaƙi ya tsirto, ka yi alama da alli, in ya huce ka sake bi. Bayan an kafa shi a ciki, ka kunna guntun takarda a bakin ƙofa. In harshen ya karkata ciki, bututu yana ja. In ya karkato wajenka, kada ka sa itace tukuna.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai walda, mai bibiyar jaridarku.