Makonnin Farko na Ɗalibanmu a Sifaniya

Malam Edita,

Ina neman fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin iyaye mazauna Legas da ke shirin tura 'ya'yansu karatu Sifaniya. Ɗana ya sauka a birnin Granada a watan Satumba, kuma harshe ne ya fi ba shi wahala, domin Turancin da muka dogara da shi bai biya masa buƙata ba a kasuwa ko wajen neman ɗaki, ga shi mutanen Andalus, yankin da Granada take, kan haɗiye ƙarshen kalma idan suna magana.

Ɗalibin da zai wuce wata 6 dole ne ya nemi katin zaman baƙi cikin wata guda da isarsa, kuma da Sifaniyanci ake cike takardun. Naman alade kuwa ya shiga da yawa daga cikin abincinsu, shi ya sa hankalin yaron bai kwanta ba sai da ya gano mahautan halal da babban masallacin unguwar Albaisin, wanda aka buɗe a 2003.

Ina roƙon iyaye su sa yaro ya fara koyon Sifaniyanci tun yana gida, kafin bizarsa ta fito.

Naka,
Wani uba daga Agege, Legas