Zuwa ga abokan cinikinmu: dalilin da za mu riƙa rufe shago duk Asabar ɗin farkon wata

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ku iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, Musulmi da Kirista, da duk wanda ya taɓa kiranmu mu ɗora masa farantin sola a kan rufi, ko mu duba masa firjin da ya daina sanyi, ko inbatar da ke ihu da tsakar dare. Ya iyali, ya kasuwa, ya haƙuri da mu?

Na rubuto ne in sanar da ku wani canji da zai taɓa ku. Daga wata mai kamawa, duk Asabar ɗin farkon wata ba za mu karɓi aikin kowa ba. Ni da yarana za mu wuni a ƙananan asibitocin gwamnati biyu da ke kusa da shagonmu a nan ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, muna wanke faranti, muna duba batura da wayoyi, da firjin allurar rigakafi, da famfon burtsatse. Kyauta za mu yi, babu wanda zai biya mu ko sisi. Na san Asabar ce ranar da yawancinku kuke gida, ita ce kuma ranar da ma'aikata ke cewa mu zo. Tunda lokacinku na taɓa, haƙƙinku ne ku ji dalili.

Abin ya samo asali ne daga kullen korona. Kuna tune da ƙarshen Maris na 2020, lokacin da aka sa dokar hana fita ba dare ba rana a jihar nan, sannan ranar 28 ga watan gwamna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya fito ya ce shi ma ya kamu, ragamar yaƙi da cutar ta koma hannun mataimakiyarsa, Dakta Hadiza Balarabe. An rufe kasuwanni, an rufe masallatai da coci-coci, aka mayar da cefane filayen makarantu a ranakun da aka ɗan sassauta. A kulle muka ɗauki azumi, a kulle muka yi ƙaramar salla. Shagonmu ya fi wata biyu da kwaɗo a ƙofa.

Wani dare cikin azumin nan, mun sha ruwa ke nan, sai wayata ta yi ƙara. Shugabar ƙaramin asibitin unguwarmu ce, wadda duk muke kira Anti. Ta ce, "Malam, don girman Allah ka taimaka. Firjinmu ya ɗauke tun la'asar, alluran yara na ciki, ga shi ko fitila babu a ɗakin haihuwa." Na ce mata, "Anti, ta ina zan bi? An hana babur, ga jami'ai a kowace mahaɗa." Ita da kanta ta tako har ƙofar gidana sanye da kayan aiki, da katinta a wuya, ta sa ni gaba ni da yarona ɗaya, jakar kayan aiki a kafaɗa, muka taka a ƙasa. Sau biyu ana tare mu, sau biyu tana yin bayani.

Da muka isa, yaron ya hau rufi da tocila. Ƙurar hunturun da ya wuce tana nan dam a kan faranti, kashin tsuntsaye ya bushe a kai, ɓera kuma ya ci waya ɗaya. A ƙasa, kan baturan fitilu ya yi tsatsa fari fat. Aikin bai kai awa guda ba. Muna cikin yi ina jiyo kukan jariri daga ɗakin da ke gefe, inda ungozoma ta karɓi haihuwa da hasken wayar hannu, mijin matar na tsaye a waje yana ta addu'a. Firjin kuwa lafiyarsa lau, mai tsada ne, irin wanda nake sha'awar gani. Wanda ya kawo shi ya kyauta ƙwarai. Amma tun ranar da aka kafa shi babu wanda aka ce wa, kai ne za ka riƙa hawa rufin nan da bokiti da tsumma.

Bari in ɗan tsaya a kan firjin nan, don mutane da yawa sun ɗauka kamar na sanyaya zoɓo ne. Yawancin alluran rigakafin yara ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. In zafi ya yi yawa su lalace, in kuma sanyi ya wuce kima har suka daskare, wasu kamar ta tetanus da wadda ake kira fenta sun tashi daga aiki, ko da ido bai ga wani canji ba. A jikin kwalaben akwai ɗan tambari mai murabba'i a tsakiya, wanda ke yin duhu idan zafi ya taɓa maganin. Da ya yi duhu sai zubarwa. Shi ya sa ma'aikata ke rubuta ma'aunin sanyin safe da yamma a takarda. Uwa ta goyo ɗanta ta zo tun da sassafe, ta bi layi, a ce mata babu allura, ta dawo wani mako. Wata za ta dawo, wata ba za ta ƙara dawowa ba. Ƙyanda kuma ba ta tafi hutu don korona ta zo ba, kuma mun ga yadda mashaƙo ya ɗauki yara a sassan jihar nan a 2023.

Ba na raina abin da manya suka yi, Allah ya sani. A watan Maris ɗin nan na 2020 attajirai da bankuna suka haɗu da Babban Bankin Najeriya suka kafa gamayyar CACOVID, su Alhaji Aliko Ɗangote da Alhaji Abdussamad Rabi'u da marigayi Herbert Wigwe, suka tara biliyoyin naira, aka kafa cibiyoyin killace marasa lafiya a jihohi, aka sayi kayan gwaji da abinci. A nan Kakuri, ma'aikatar ƙera makamai ta DICON ta juya ta shiga yin man tsabtace hannu da kayan kariya. Telolin unguwa, waɗanda babu wanda ya sa sunansu a jarida, su suka ɗinka takunkumin da yawancinmu muka ɗaura. Gwamnati kaɗai ba za ta iya wannan ba, ita ma ta san haka. Daga baya jihar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Zipline, wanda tun 2022 yake tashin ƙananan jirage marasa matuƙi daga Pambeguwa yana kai magani da allurai asibitocin karkara. Abin burgewa ne, na yarda.

Amma jirgin nan sakin ƙunshin yake yi ya juya. Daga nan sai firji. Haka ma lokacin da kusan allurai miliyan 4 na rigakafin korona na kamfanin AstraZeneca suka sauka Abuja ranar 2 ga Maris na 2021, duk kwalbar da ta iso wata unguwa sai da ta bi ta irin firjin da na ba ku labari. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma an ɗauki aniyar kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki. Attajiri zai iya sayen firji ɗari a rana ɗaya, amma ba zai zo Kakuri ko Makera ya goge tsatsar kan batir ba. Wannan aikin na wanda ke kwana a unguwar ne, wanda matarsa ke zuwa awo a wurin, wanda za a iya buga wa ƙofa da dare. Mu ke nan. Mun daɗe muna jin "haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa" a rediyo muna ɗauka maganar masu manyan riguna ce, alhali akwai kason da babu mai iya ɗauka sai mai ƙaramin shago.

Akwai darasi na biyu, mai ɗaci. A watan Oktoba na 2020 jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a jihohi da dama, har da wanda ke Barnawa, aka sake sa mana dokar hana fita. Hukumomi sun ce kayan na jiran rabo ne, talakawa ba su yarda ba. Ban goyi bayan wawashe kaya ba, ba kuma zan goya ba. Abin da na ɗauka a ranar shi ne, alherin da aka yi a rufe, ba tare da mutane sun san me aka kawo, nawa ne, wa zai samu ba, zargi yake haifarwa ko da niyya mai kyau ce. Saboda haka namu ɗan aikin a rubuce muka yi shi. Mun zauna da shugabannin asibitocin biyu, da kwamitin raya mazaɓa, da mai unguwa, aka kai takarda sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Akwai littafi da zai zauna a kowane asibiti: ranar da muka zo, abin da muka tarar, abin da muka gyara, abin da ya fi ƙarfinmu. Duk mai son dubawa ya je ya duba.

Mun kuma ja layi, don kada taimako ya zama an sauke wa hukuma nauyinta. Namu shi ne ƙarfinmu da iliminmu da ƙananan kaya, irin su waya da fiyus da ruwan batir da ƙwan fitila. Sabon batir, sabuwar inbata, albashin ma'aikata da magani, wannan na gwamnati ne, don shi muke biyan haraji. In mun ga batir ya kusa mutuwa za mu rubuta tun da wuri, mu sa hannu, kwamiti ya bi sawu. Firjin da ke da garanti kuwa ba za mu buɗe cikinsa ba, na injiniyoyin waɗanda suka kawo shi ne. Mu dai mu tabbatar wuta na isa gare shi. Wasu abokan sana'a sun ce mini in nemi a mayar da abin kwangila. Na ƙi. Na taɓa yi wa wani ofis aiki, na yi ta sintiri a kan kuɗina har takalmi ya suɗe, a ƙarshe zumunci ya ɓaci, wurin kuma ya koma duhu. Ba na son hasken ɗakin haihuwa ya rataya a kan fayil ɗin da ke jiran sa hannu.

Roƙo ɗaya muka miƙa wa hukuma, kuma ina so ku taya mu maimaita shi a duk inda kuke da baki. A rubuta sunayen masu gyara na kowace mazaɓa tun yanzu, mai sola, mai famfo, mai walda, mai janareto, a ba su katin shaida da jami'an tsaro za su gane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Mayu na 2023 cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, amma amai da gudawa na zuwa da damina, sanƙarau na zuwa da zafi, zazzaɓin Lassa bai bar mu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bai kamata a sake samun daren da shugabar asibiti za ta bar mai naƙuda ta fito neman mai gyara a ƙafa ba.

Yanzu ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Kuɗin aikinmu ba zai ƙaru saboda wannan ba, na yi muku alkawari. Wanda ke da larura ta gaske a ranar, kamar mai ciwon suga da ke ajiye allurarsa a firji, ko mai sayar da kifi da kaji da kayansa za su lalace, ya kira; za mu bar yaro ɗaya da waya, kuma bayan la'asar za mu zo. Sauran ayyuka sai haƙuri zuwa Litinin.

Kada kowa ya kawo mana kuɗi da sunan wannan aiki, ba za mu karɓa ba. Mai niyyar ba da wani abu ya kai wa kwamitin mazaɓarsa, a ba shi rasit. Amma Alhaji, Hajiya, in za ku ƙara girman solar gidanku, tsohon farantin da muka sauke yana da sauran rai, ku ce mana mu gwada shi mu kai asibiti da sunanku, a shigar da shi littafi. Wata baiwar Allah a Barnawa ta riga ta ba da guda biyu, ta ce kada a ambace ta, Allah ya saka mata da alheri. Ku kuma 'yan'uwana masu sana'ar hannu da ke cikin abokan cinikinmu, kafinta da mai famfo da mai walda, ƙofofi da tagogi da famfunan wuraren nan suna jiran hannu irin naku. Ku leƙa asibitin unguwarku, ku gaisa da shugabar wurin, ku tambaye ta abin da ya fi damunta. Za ku yi mamakin ƙanƙantar abin da za ta ambata.

Waɗanda muka riga muka yi wa alkawarin zuwa a Asabar ɗin farko ta wata mai kamawa, za mu kira ku ɗaya bayan ɗaya cikin makon nan mu sa wata rana, Juma'a da safe ko Litinin, wadda ta fi muku. Mai son ya bi mu ya gani da idonsa, ƙarfe 7 na safe muke tashi daga ƙofar shago, ya zo da bokiti in yana da shi.

Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda annobar ta ɗauke mana.

Naku,
Mai shago, a madadin yarana duka
Kakuri, Kaduna