Karayar ƙugu: jinin da ba a gani shi ke kisa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini. Na shafe shekara 24 ina aikin jinya a sashen da ake kawo waɗanda suka yi hatsari kafin in yi ritaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro ɗan acaɓa da tifa ta matse a bakin kasuwarmu makon jiya.

Na iske shi kwance yana magana, har yana tambayar mashin ɗinsa. Ban da ƙujewa a gwiwa, ko ɗigon jini babu. Jama'a na ta hamdala, wasu na cewa a kai shi wajen mai ɗori. Da na kama hannunsa na ji sanyi ƙalau, ga gumi, jijiya na bugawa kamar kalangu, ƙafa ɗaya ta kwanta ta juya waje, sai gabana ya faɗi, don na zargi karayar ƙugu ce.

Ƙashin ƙugu zobe ne. In ya buɗe, jijiyoyin da ke manne da shi kan yage, jini ya riƙa tsiyaya can ciki, inda lita da yawa za su ɓuya. Jinin babban mutum kuwa duka-duka wajen lita 5 ne. Ban raina masu ɗori ba, sun iya hannu da ƙafa, amma wannan ba ta kara da tsumma ba ce.

'Yan uwa sukan tare mu a baranda: "Malam, zai tashi kuwa?" Rai na Allah ne, amma akwai abin da likita ke dubawa, kuma ba hoton ƙashi ne kan gaba ba. Muna gwada bugun zuciya da lambar sama ta awon jini. In zuciya na buga 120 a minti, awon jini ya sauko 90, to jini na zuba ko da mutum na dariya. Sai shekaru: bugun da saurayi zai jure, dattijo ɗan 65 ba lallai ya jure ba. Sai raunin kai, wanda ake aunawa da ma'aunin Glasgow mai nuna yadda mutum ke cikin hayyacinsa, daga maki 3 zuwa 15; in maki ya yi ƙasa, hatsari ya ninka. Karayar da ta fasa fata ma mugunya ce. Jiki kuma in ya yi sanyi, jini kan ƙi daskarewa.

Wasu daga cikin waɗannan a bakin titi ake gyara su ko a ɓata su. A ninke zani a ɗaure tam daidai ƙashin da ya turo a saman cinya, ba inda ake ɗaure wando ba. Nan mutane ke kuskure. A haɗe ƙafafu a ɗaure. Kada a zaunar da shi a A Daidaita Sahu, a ɗauke shi a kwance kan katako, a rufe shi, a kira jami'an kiyaye haɗurra a 122. Akwai allurar rage zubar jini mai araha, tranexamic acid, wadda binciken CRASH-2 na 2010 a kan mutum sama da 20,000 ya nuna tana rage mutuwa, amma sai an yi ta cikin awa 3. Masu rakiya kuma su tafi da niyyar ba da jini, ba tsayuwa a ƙofa ba.

Yaron nan da zanin wata mai ƙosai muka ɗaure shi, ƙyauren shago ya zama gadonsa. Jini leda 4 aka ƙara masa kafin a shiga tiyata. Jiya na leƙa shi, yana shan kunu, ya sake tambayata mashin. Zanin baiwar Allah nan ma ban mayar mata ba tukuna.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya, daga Zariya