Zuwa ga Auta, kan darasin nan da ya sha miki kai

Manchesta, Ingila

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, su Inna da Baba ma suna cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin hunturu? Ki faɗa wa Inna kuka da yaji sun iso, Allah ya saka mata da alheri. Ni ma lafiyata ƙalau, sai aiki da kewar gida.

Na saurari saƙon muryarki, inda kike kukan darasin fatofisiyoloji ya hana ki barci. Waya ba za ta ɗauki bayanin ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Kalmomin likitanci na rubuta su yadda bakinmu ke furta su, asalin rubutunsu ki ɗauko a littafinki, don da shi za ki amsa jarrabawa.

Sunan darasin ne kawai mai tsawo. Ma'anarsa ita ce yadda cuta ke ɓata aikin jiki, kuma ɓarnar a cikin ƙwayar halitta take farawa. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya kafa wannan magana a 1858, har yau kuma a kanta ake tafiya. To ki fara sanin ƙwayar tana lafiya.

Ki ɗauke ta kamar gida. Tantanin da ya kewaye ta shi ne katanga, an gina shi da kitse ninki biyu, da ƙofofi na furotin masu zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita. Nukiliyas ɗakin maigida ne, can aka ajiye umarnin gado a cikin kuromosom 46. Raibosom suna ƙera furotin. Laisosom ƴan jakunkuna ne cike da sinadarai masu narkar da shara, in suka fashe gidan da kansa za su narkar. Mitokondiriya kuwa ita ce janareto: tana ƙona suga da oksijin ta fitar da ATP, wato kuɗin da ƙwaya ke kashewa a kowane aiki. Ƙwayar suga ɗaya, in akwai oksijin, tana ba da ATP 30 zuwa 32. Tsofaffin littattafai suna cewa 36 zuwa 38, ki bi abin da malaminki ya bayar. In babu oksijin, 2 kacal ake samu, sai kuma asid na laktet da ke taruwa. Daga talatin zuwa biyu, ki riƙe wannan faɗuwar da kyau.

A jikin katangar akwai wani famfo da ba ya hutawa dare da rana. Duk ATP ɗaya da ya ci, sai ya fitar da sodiyam 3 waje, ya shigo da fotasiyam 2 ciki. Shi ya sa in aka auna jini za ki ga sodiyam 135 zuwa 145, fotasiyam kuwa 3.5 zuwa 5 kawai, alhali a cikin ƙwaya fotasiyam ɗin ya kai wajen 140. Ruwa kuma bin gishiri yake yi duk inda ya je. Kin ga yadda in kika barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa take tsatso da ruwa? Wannan shi ne osmosis, babu wani abu bayan haka.

Yanzu ki toshe wa ƙwaya jini ki ga abin da zai biyo baya. Janareto ya tsaya, ATP ya ƙare, famfo ya mutu. Sodiyam ya kwararo ciki, ruwa ya bi shi, ƙwaya ta kumbura kamar jiƙaƙƙen wake. Laktet ya taru. Har zuwa nan ana iya ceto ta: in jini ya dawo, famfo ya tashi, kumburin ya saɓe. Amma in aka daɗe, kalsiyam zai shigo da yawa ya tayar da sinadaran da ke cin tantani, laisosom su fashe, katanga ta rushe, kayan ciki su zube cikin jini. Daga nan babu dawowa. Kowace gaɓa da iyakar haƙurinta: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa minti 4 zuwa 6, naman zuciya minti 20 zuwa 30, naman ƙafa da hannu ƴan awanni. Kuma zubewar kayan cikin nan ita ake aunawa a lab. In aka ce turofonin ya hau, naman zuciya ne ya fashe. In aka ce ALT ya hau, hanta ce. In kuma nama mai yawa ya murƙushe, kamar wanda gini ya danne, fotasiyam ne ke malalowa cikin jini, yana iya tsayar da zuciya. Saboda wannan dalilin ne ba a taɓa tura allurar fotasiyam kai tsaye a jijiya. Sai an sirka ta a ledar ƙarin ruwa, an jijjiga sosai, ta sauka a hankali. Ko wa ya ce ki tura, ki ƙi.

Kalmomi uku ɗalibai ke cakuɗawa a nan. Haifoksiya ƙarancin oksijin ne a nama, ko daga ciwon huhu ko daga ƙarancin jini. Iskimiya ita ce yankewar jinin kansa, kuma ta fi muni, don ba oksijin kaɗai ya yanke ba, har suga, sannan babu mai kwashe dattin da ya taru. Infakshon shi ne yankin naman da ya mutu sakamakon iskimiya.

Ba sai kin je nesa ba, misali yana ƙofar gida. Yarinya ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, kan jariri ya maƙale ya matse mafitsara da bangon farji a jikin ƙashin mara. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu tun a lokacin. Amma sau da yawa fitsari ba ya fara zuba ranar haihuwa, sai bayan kwana 3 zuwa 10, idan mataccen naman ya ruɓe ya faɗi ya bar rami. Yoyon fitsari ke nan, wanda ake ɗinkewa a Babbar Ruga ta Katsina. Shi ya sa duk matar da ta fito daga doguwar naƙuda ake sa mata robar fitsari a bar ta kwanaki, mafitsara ta huta, ƙaramin rami ma yakan rufe da kansa. Gyambon kwanciya ma wannan hanyar yake bi: nauyin jiki ya danne siraran jijiyoyi tsakanin ƙashi da katifa, a ƙugu, da dunduniya, da ƙashin gindi. Juya majinyaci duk bayan awa 2 magani ne, ba aikin ƙananan ma'aikata ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Littattafanku za su ce ki nemi jan da ba ya gushewa in an danna. A fata irin tamu ba za ki ga ja ba. Ki haska fitila, ki nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ki taɓa da bayan hannu ki ji ko ya fi zafi, ko tauri, ko ya yi luguf.

Mutuwar ƙwaya iri biyu ce. Nekurosis mutuwar haɗari ce, ƙwayoyi da yawa lokaci guda, su fashe, su jawo kumburi. Afoftosis kuwa mutuwa ce mai tsari: ƙwaya ɗaya ta tsuke, ta kakkarya kanta, maƙwabta su share ba tare da hayaniya ba. Da ita aka raba yatsun jariri a ciki, kuma in ta daina aiki ne ƙwayoyin daji ke samun sarari. Ita nekurosis ana gane ta da kamanni. A zuciya da ƙoda naman yana daskarewa kamar farin dafaffen ƙwai. A ƙwaƙwalwa da cikin maruru narkewa yake ya zama ruwa. A tarin tibi yana marmashewa kamar cuku. A ƙafar mai ciwon suga yatsa ya yi baƙi ya bushe, in ƙwayoyin cuta suka shiga kuma ya jiƙe ya yi wari, wannan ba ya jiran gobe.

Kafin ƙwaya ta mutu takan gwada dabara. In aiki ya ragu sai ta rame, atirofi ke nan, irin ƙafar da ta yi makonni cikin ɗori. In aiki ya ƙaru sai ta yi ƙiba, haifatirofi, irin bangon zuciyar mai hawan jini, wanda ƙarshenta kaurin ya fi ƙarfin jinin da ke ciyar da shi. Haifafilasiya yawan ƙwayoyin ne ya ƙaru, kamar furostet ɗin tsofaffi mai hana fitsari. Metafilasiya, wani irin ƙwaya ya canji wani don ya jure wahala: ƙwan tsargiya in ya shekara yana gurzar mafitsara, shimfiɗar cikinta takan koma irin ta fata, daga nan daji na iya tasowa. Disfilasiya ce ta fi tsoratarwa, ƙwayoyi sun ɓata tsari da siffa amma ba su ratsa ƙasa ba tukuna, ita ake nema a gwajin bakin mahaifa.

Sauran kalmomin da kika turo, sikila kaɗai ta isa ta koya miki su, tunda babu ƙasar da ta kai tamu yawan masu ita. Itiyoloji shi ne musabbabi: canjin tubali ɗaya tak, na 6, a sarƙar beta ta himogulobin, furotin mai ɗaukar oksijin a jan ƙwayar jini, an gaje shi daga uwa da uba. AS da AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kowane ciki da nasa lissafin, ba wai in na fari ya fito SS sauran ukun sun tsira ba. Fatojenesis shi ne yadda abin ke tafiya: oksijin ya yi ƙasa, himogulobin ya harhaɗe ya zama sanduna, jan ƙwaya ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri, ta toshe siririyar jijiya, sai iskimiya, sai ciwon ƙashi. Lafiyayyar jan ƙwaya tana yin kwana 120, ta sikila kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke ƙaranci ido ya yi shawara. Ciwon da yaro ya faɗa da bakinsa simtom ne, zazzaɓin da kika auna da idon da kika gani sayin ne. Akyut da kuronik maganar lokaci ce, ba ta tsanani ba: cutar kuronik ce, tashinta akyut. In kin fahimci hanyar, jinyar za ta fito da kanta: maganin ciwo cikin minti 30, ruwa, ɗumi, oksijin in ya yi ƙasa, a nemi abin da ya tayar. Kada a ɗora ƙanƙara, sanyi tsuke jijiya yake. Kuma da yake saifar yaron takan mutu tun yana ƙarami saboda toshewar nan, zazzaɓin 38 a gare shi ba na farasitamol a koma gida ba ne.

Famfon nan zai sake tare ki a ɗakin yara. Hanji yana jan sodiyam ne tare da suga, ruwa ya biyo, shi ne sirrin ruwan gishiri da sukari ko a kwalara: fakiti ɗaya a lita 1, ba a rabin kofi ba, don in ya yi kauri jawo ruwa zai yi daga jiki. Amma yaro mai tamowa mai tsanani famfonsa ya yi sanyi, sodiyam ya cika masa ƙwayoyi, fotasiyam ya zube, zuciya ta yi rauni. In aka ɗura masa ruwa da gudu ta jijiya, zuciyar ce za ta gaza. Haɗinsa daban ne, ReSoMal, ta baki, kaɗan-kaɗan.

Sai wani abu da harshenmu ke jawowa. Haifa na nufin yawa, haifo na nufin ƙaranci, a bakin Bahaushe kuwa wasali ɗaya ya raba su, ga hayaniyar ɗakin majinyata. Haifagilaisimiya da haifogilaisimiya, wato hawan suga da faɗuwarsa a jini, maganinsu kishiyar juna ne, insulin ga mai haifo kisa ne. Don haka in kina miƙa aiki, ki faɗi lamba. A nan awon mmol muke yi, ƙasa da 4 ya faɗi. Injinan gida da yawa mg suke nunawa, ƙasa da 70, ki raba da 18 ki samu namu. In mutum yana iya haɗiya, suga giram 15 zuwa 20, wato kamar ƙwaya 4 na sukari, ki sake aunawa bayan minti 15. In ya suma kada ki ɗura masa komai a baki, ki kwantar da shi a gefe ki kira likita.

Ki samu babbar takarda ki zana ƙwaya ɗaya, ki ja kibiya daga oksijin zuwa ATP, zuwa famfo, zuwa ruwa, zuwa kalsiyam. Duk cutar da aka koya muku, ki nemi inda ta yanke kibiyar ki rubuta sunanta a wurin. Ki ɗauki hoto ki turo mini ranar Juma'a bayan la'asar, ba ni da aiki, sai mu bi ta tare. Kumburi da zazzaɓi na bar su sai wasiƙa ta gaba, hannuna ya gaji.

Kuɗin littafi da na abin awon hawan jini na turo wa Yaya, ki karɓa a wurinsa. In ya zo, awon farko na Baba ne: ya zauna ya huta minti 5, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kafin ya sha goro ko shayi, ki rubuta mini lambobin biyu. Ki gaida Inna, ki ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ki gaida Gwaggo da Kawu da yaran gida duka. Allah ya ba ki sa'a, ya sada mu da alheri.

Taki,
Yayarki